Fofo Gbenu Ya Yi wa Tanda Jawabi

Tun ranar da mai gidan burodinmu, Fofo Gbenu, ya dawo daga taron jami'an ƙwadago a Kwatano, ba mu ƙara hutawa ba. Ko tari ka yi sai ya ce, "Doka ta ce..." Mutumin da a da ko sunayenmu sai ya yi lalube!

Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne haƙƙin mai ciki: ba ta ɗaukar kaya mai nauyi, tana da hutun haihuwa da albashinta, kuma haramun ne a kore ta. To, ga Huwefa, mai kwaɓa mana fulawa, kowa ya ga abin da ya gani. Amma mu nan ba a ambatar cikin mace sai ta sauka lafiya, ana tsoron baki. Ita kuwa ɓoyewa take yi a cikin wata ƙatuwar riga, don a wurin aikinta na baya ciki ne ya ja aka sallame ta. Kullum ita ce a gaba wajen sungumar buhu, wai kada a ce ta gaza. Wallahi tausayi take ba ni.

Fofo ya rasa ta inda zai ɓullo. Ya hana duk matan wurin ɗaukar buhu. Ya matsar da ita wajen miƙa burodi ga masu saye. Ya kawo wata ƙanwarsa ta koyi kwaɓi. Shi yana ganin alheri yake yi, ita kuma ta gama lissafi: an samo wadda za ta gaje ta.

Wata safiya na tarar da ita tana ƙulle kayanta, ido jawur.

"Dada, gara in tafi da ƙafata kafin a nuna mini ƙofa," ta ce mini.

Na yi ofis a guje. "Fofo, dabarunka sun kori yarinya! Ka fito ka yi mata magana."

"Ni? Da wannan bakin? In wani abu ya faru uwarta ta ce ni ne?"

"To dokar taka fa?"

Ya yi ta sosa sanƙo. Can sai ya miƙe, ya tara mu duka a ɗakin gashi, ya juya mana baya, ya fuskanci tanda.

"Ke Tanda," ya ce da ƙarfi, "da ke nake, ba da kowa ba. Idan wata ma'aikaciya, ko wace ce, ta sami kanta a wani hali, za ta tafi hutu, albashinta na tafiya. In ta dawo, wurinta na jiranta. Ƙanwata riƙo kawai za ta yi. Kin ji ko?"

Masu gashin burodi suka cusa baki a riga saboda dariya. Huwefa ta ajiye ƙullinta a hankali, ta matso, ita ma ta kalli tandar. Ta ce:

"Tanda, ki tambaye shi... in likita ya ce biyu ne fa?"

Ɗakin ya kaure da ihu, wata ta rangaɗa guɗa. Fofo dai bai juyo ba, amma na ga ya kai hannu ya share ido.

"Tanda," ya ce, "gaya mata ko uku ne, ba mai taɓa mata wuri."