Ranar da Aka Ba Motar Wakili Hanya

Karo na biyu ke nan tun fitowarsu daga Yelwa da aka ɗaga motar Wakili sama, shi da Innarsa suna zaune a ciki. Ƙarti shida suka yi bismillah, suka cira ta daga bakin gada, suka ajiye ta a gindin wata ɗorawa. Ba wanda ya zage shi, har gaisuwa ma aka yi.

"Sannu Inna, a yi haƙuri," in ji Surajo, direban babbar motar shinkafa da ke biye da su, yana kakkaɓe hannu. "Yanzu mu wuce, ku samu hanya."

Wakili ya leƙo ta taga. "Ni na riga ka isowa wagga gada."

"Gaskiya ta, Malam. Amma ka duba mani. In anka gan ni ina bin bayan wagga aba, da wane ido zan shiga tasha?"

Ya faɗe ta ne da ladabi, har da ɗan rusunawa, abin da ya fi ƙona wa Wakili rai ke nan. Gadar mota ɗaya take ci, kuma kowa ya san tsarinta ba sai an rubuta ba: babba ya wuce, mai bi masa ya bi. Motar Wakili ce kawai ba ta da gurbi a jerin. Masu tasi sun ce ba tasu ba ce, masu keke sun ƙirga ƙafafunta suka ga huɗu suka ce su ma ba ruwansu. Ƙofa biyu gare ta, kujera biyu da rabi, in Wakili ya zauna gwiwarsa na gaisawa da sitiyari. Hon ɗinta kuwa kukan ɗan akuya ne sak.

Ba don ado ya saye ta ba. Shekara goma sha tara da suka wuce ruwan tafki ya ci mahaifinsa a hanyar kasuwa, ranar Inna ta rantse ita da jirgi har abada. Ƙanwarta Dudu kuma a Wara take aure. A bas ɗin hanyar cusa mutane ake yi kamar buhu, gwiwoyin Inna sun daina yarda da shi, sai Wakili, malamin gona mai albashi daidai ruwa daidai tsaki, ya sayi abin da ƙarfinsa ya kai. Yau da hantsi aka bugo waya cewa jikin Dudu ya rikice, ba ta kiran sunan kowa sai na yayarta.

Da aka gama wucewa, wasu masu kirki suka sake ɗaukar su suka mayar kan kwalta. Inna ta gyara lulluɓi.

"Kai Wakili, wagga mota taka ba ta shan mai da yawa."

"Ƙwarai, Inna."

"Na gani. Hannun mutane taka sha."

Wakili ya tayar da mota. Mai mashin ɗauke da buhu biyu da mace guda ya wuce su yana tambayar ko lafiya. Wata bas ta matse su har ciyawa na share ƙofa, direban bai ko waiwayo ba, don tsakani da Allah bai gan su ba. Gaba kaɗan garke ya tare hanya, wani bajimi ya zo ya sosa ƙugunsa da madubin gefen Inna, a tsanake, sai da ya ji daɗi sannan ya tafi. Wakili ya danna hon. Akuya biyu suka amsa.

Azahar ta gota suka tarar da motoci jere, duk a kashe. Tafki ya kumbura ya biyo fadama, ya cinye kwalbati da hanyar gaba ɗaya, ba ka ganin komai sai ruwa da kawunan kalgo. A gaban layi, ga motar Surajo tsaye, girmanta bai hana ta komai ba. Wani mai jirgi, Isa, shi ke kwasar mutane da babura yana zagayawa da su ta ruwa zuwa mashigar Wara.

Inna ta dubi ruwan sau ɗaya, ta mayar da idonta kan carbi.

Wayar Wakili ta yi ƙara. Asma'u ce, 'yar Dudu. Ta ce Inna Dudu ta sake tambaya ko sun iso, kuma muryarta ta yi ƙasa ƙwarai. Wakili ya ce suna hanya. Ya kifa goshi a sitiyari, tsoro ya kama shi, irin wanda bai ji ba tun yana yaro: ya kawo uwarsa har inda ake hango hayaƙin garin, ta koma ba ta ga 'yar'uwarta ba.

Surajo ya ƙaraso, ya ji labari daga bakin Wakili. Ya dubi motar, ya dubi jirgin Isa, ya sake duban motar, har da auna ta da taki.

"Isa, shanu nawa kaka ɗauka?"

"Huɗu, in sun natsu."

"To wagga ba ta kai biyu ba, kuma ba ta harbi."

Wakili ya ce motarsa ba kaya ba ce, mota ce mai lamba da takardu. Ba wanda ya musa masa, ba kuma wanda ya saurare shi. Maganar ta riga ta koma kan rantsuwar Inna. Wani malami cikin matafiya ya gyara murya ya ce a ganinsa babu matsala, tsohuwa mota ta shiga, mota ce ta shiga jirgi, ita kuma mota ba ta rantse ba. Wani mai albasa ya ce to in haka ne, shi da ya rantse ba zai taka gidan surukinsa ba, sai ya tafi a kan jaki. Malam ya ce wannan mas'ala ce daban. Gardama ta kaure, mutum goma sha wani abu suna yanke hukunci a kan motar, wani har ya ɗora kofin shayinsa a rufinta.

Wakili ya juya. "Inna, mi kika ce?"

Ta naɗe carbinta. Sannan ta ce, "Ɗaga gilashi, mu tahi."

Da aka zo sake ɗaga motar, Surajo da kansa ya kama gaba. Aka shimfiɗa katako biyu, aka ɗora ta a tsakiyar jirgi tsakanin babura da kwandunan kaji, aka sa duwatsu a ƙafafunta. Isa ya tayar da inji. Wakili ya ga kansa riƙe da sitiyari hannu bibbiyu, a kan ruwa, mota a kashe.

"Malam ya ce ba ki karya ba, Inna."

"Bar shi da karatunai. Na san inda nike, Wakili. Kaffara azumi ukku na, in yi. Dudu kuwa guda ta."

Sun fita daga fadama sun shiga sararin tafki ke nan, sai ga wani ƙaton jirgin kasuwa ya doso su, ya ninka nasu sau uku, maƙil da mutane, ruwa na tsagewa a gabansa. Inna ta damƙe wuyan hannun Wakili har ya ji ƙumbarta. Shi kuwa ƙafarsa ta tafi neman birki, ya fara murɗa sitiyari zai sauka gefe, kamar yadda hanya ta koya masa.

Ƙarar babban jirgin ta ragu, ta mutu. Ya karkata can nesa, ya tsaya yana lilo, ya bar musu ruwan a kwance.

Wakili ya sauke gilashi kaɗan. "Isa, lalacewa ya yi?"

"A'a. Jira shika yi mu wuce, kada igiyar ruwanai ta kihe mu. Nan babba ka jiran ƙarami."

Inna ta saki hannunsa a hankali. Ta bi jirgin da kallo har suka gifta shi.

"Wanda ya gamu da babanka bai rage wuta ba," ta ce.

Wakili ya waiwayi babban jirgin. Tun da ya sayi motar nan ba a taɓa ba shi hanya ba sai yau, kuma bai san yadda ake godiya a kan ruwa ba. Sai ya danna hon. Ɗan akuya ya yi kuka a tsakiyar tafki, mai babban jirgin ya ɗaga hannu.

Inna ta murɗa nata gilashin har ƙasa, iska ta shigo da warin kifi. Rumfunan mashigar Wara sun fara fitowa.

"Ƙara dannawa," ta ce. "Dudu ta ji mun taho."