Kunnuwan Mai Keke

Matar Mai Keke ba ta taɓa shiga gidan tarihi ba sai bayan rasuwar mijinta, ita da ta yi shekara da shekaru tana wuce ƙofarsa da kwandon cefane. Babbar 'yarta ce ta kai famfon iskarsa na gyaran keke can, wai ana tara kayan masu sana'a. Haka famfon da ta sha jefawa bayan ƙofa ya koma cikin gilashi, har da fitila a kansa.

Abin da ke cin ranta shi ne fuskar mutumin ta fara ɓace mata. Shi ba mai son hoto ba ne. 'Yan kaɗan da aka yi masa suna cikin wayarta, wayar kuma da hannunta ta jiƙa ta cikin bokitin wanki, ta cuɗe ta tare da zani. Idan ta rufe ido sai ta ga hularsa, ta ga baƙin mai a faratansa, amma wajen fuska fayau. Ba ta gaya wa kowa ba. Da wane baki za ta ce ta manta fuskar mutumin da ta fara yi wa faɗa tun haƙoranta suna nan duka?

Sai ga malamar zane ta gidan tarihin ta zo har gida. Ta ce tana tara matasa duk Asabar, su kalli wani abu na da, su zana shi. Wannan karon tana so su kalli famfon, su ji bayanin mai shi daga bakin matarsa, su zana mutumin. Tsohuwa ta amsa tun malamar ba ta rufe baki ba. A ranta ta ce, ga inda za a dawo mini da shi.

Ranar Asabar ta je. Ɗakin zanen dogo ne, teburansa duk ɗigon fenti, burusai a tsaye cikin gwangwanayen madara. 'Yan mata da samari sun zauna da fensir a hannu. Ita kuma ta sa kayan da take zuwa unguwa da su, aka ba ta kujera kusa da famfon.

"Mama, yaya kamanninsa?" in ji malamar.

Ta ga idanu sun yi mata caa. Wanda ya riga mu gidan gaskiya kuma ba a tona masa asiri a gaban baƙi.

"Dogo ne," ta ce. Mutumin da sai ya taka benci yake canza ƙwan fitila.

"Hancinsa fa?"

"Har baka."

"Halinsa?"

"Shiru-shiru. Ba ya son hayaniya." Shi da in yana ciniki har ƙarshen layi ana jin muryarsa.

Fensira suka kama aiki. Da aka gama, malamar ta rataye zanen a igiya da maƙalen shanya, ta ce Mama ta zo ta duba. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Maza ne kyawawa, masu kafaɗa, wani har an ɗaura masa agogo mai sarƙa.

"Kai, ɗana," ta ce wa mai agogon, "da wannan na aura ai da ban tsufa haka ba."

Aka yi dariya, ita ma ta yi. Igiya cike da mazan mutane, babu nata. Ba ta da wanda za ta ga laifinsa, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

A ƙarshen tebur wata yarinya mai tabarau tana zaune da farar takarda.

"Ke ba ki yi ba?"

"Na kasa, Mama. Duk wanda na fara sai ya fito kamar mai tallan sabulu. Shi ba shi da wani abin da kike tsokanarsa da shi?"

Sai tsohuwa ta ji bakinta ya ce, "Kunne."

"Kunne?"

"Kamar an bar ƙofofin mota a buɗe. Har nakan ce masa ya naɗe su in zai hau keke, kada iska ta mayar da shi gida."

Ɗakin ya ɗauka da dariya. Malamar ta ɗaga hannu za ta tsawatar, tsohuwa ta ce, "Bar su, 'yata, ni na fara."

Ta jawo kujera ta zauna gefen yarinyar. "Guntu ne, ƙarya na yi. Rage shi. Ƙara ragewa, kina jin tausayinsa ne? Hancin nan kuma danna shi, kamar an zauna a kai."

"Mama, Allah ya ji ƙansa fa," in ji wani saurayi yana share hawayen dariya.

"Amin. Shi ma ya san hancinsa."

Tana faɗa, yarinyar tana gogewa tana sakewa. Wushirya a sama. Gira ɗaya da ke ɗagawa in zai rantse cewa taya sabuwa ce. Da aka zo ido, yarinyar ta tsaya tana jira.

"Na hagu ya fi ƙanƙanta," tsohuwa ta ce a hankali. "Shi yake kannewa in yana duba ko ƙafar keke ta miƙe."

Ita kanta ba ta san tana riƙe da wannan ba. Yarinyar ta ja layi biyu, ta ɗauke hannu. Ga shi nan, yana kallonta kamar zai tambayi ina ta sa masa sifana. Ta goge fuska da gefen mayafi, ta ce ƙurar fensir ce.

Malamar ta matso ta ce za a kafa zanen duka a bango kusa da famfon, mutane su gani.

Tsohuwa ta riga ta naɗe takardar ta danna a ƙirji.

"Ku kafa kyawawan," ta ce. "Wannan mummunan nawa ne."