Hannuwan Safara'u

Shekarar da ruwa ya ci gonaki har kusa da ganuwar Haɗeja, Inuwa ya dawo ƙauyensu daga asibitin kutare na Turawan mishan. Ya dawo da ragowar yatsu, da sabon addini, da 'yarsa Safara'u wadda aka haifa a can, uwar kuma ta rasu.

Dangi suka kafa masa bukka a bayan gari. Yarinyar kuwa jikinta sumul, sai Iya, mahaifiyar Inuwa, ta ɗauke ta cikin gida. Abin da Inuwa yake roƙon Allah ke nan, ita dai ta tashi cikin mutane.

Safara'u ke kai masa fura da hantsi, nan yake koya mata addininsa.

"In an tambaye ki, ban da gardama. Ki faɗi abin da Yesu ya yi, ki yi shiru."

"Yadda kuke yi a ɗakin addu'a, Baba?"

"Haka nan, uwata."

Bai tuna ba cewa duk wanda ta taɓa gani yana ba da shaida, kuturu ne. Mutum ya miƙe, ya ɗaga dungun hannuwansa, ya ce a dubi inda ciwon ya tsaya.

Ranar bugun shinkafa a fadama, Hajo, matar ƙanin Inuwa, ta tsokani Safara'u.

"Ke 'yar Nasara, me ubanki ke karanta miki a bukkar nan? Zo ki yi mana wa'azi mu sha!"

Mata suka kwashe da dariya. Safara'u ta hau tarin kara, ta naɗe yatsunta cikin tafi, ta ɗaga hannuwa sama.

"Ku duba. Ciwo ya ci ni, Yesu ya tsai da shi."

Dariya ta ɗauke. Wata ta fizge ɗanta daga kusa da yarinyar.

"Innalillahi! Ashe ta taɓa yi!"

"Da ma an ce a jini yake."

Kafin la'asar Iya ta fitar da tabarmar yarinyar ƙofar gida. Inuwa ya zo yana jan ƙafa, ya kama hannuwan 'yarsa da dungunsa, ya buɗe su gaban jama'a.

"Ku matso ku gani! Kwaikwayona ta yi, wallahi lafiyarta lau!"

Ba wanda ya matso. Dungun da ke riƙe da ita suke kallo.

Daga cikin zaure Iya ta ce, "Na gani, Inuwa. Amma da bakinta ta faɗa, kowa ya ji. Ina da sauran jikoki."

Suka bi kunyar gona zuwa bukka, tabarmar a kanta.

"Baba, ban faɗa daidai ba?"

"Kin faɗa yadda kika gani."

"To gobe wa zan gaya wa?"

Inuwa ya waiwayi gari. Hajo na yayyafa toka inda suka tsaya.