Ganyen Namele da Aladen Kalorib

Duk tsibirin ba wanda ya kai Kalorib sanin masu laifin ƙarewar kifi. Da yamma ta yi, maza sun taru a rumfar shan kava, abin shan gargajiyar tsibirin, sai ya gyara zama ya fara rabon laifi, rabi na gwamnati, rabi na otal ɗin da ke ƙetaren ruwa. Shi kuwa ko ɗigo bai taɓa ɗiga masa ba.

Kuma ba ƙarya yake zubawa zalla ba. Gwamnati ta aiko da wani ƙaton allo mai hana kama ƙananan kifi, aka kafa shi a bakin teku, mata suka samu wurin shanya. Otal ya raba riguna masu hoton kunkuru. Da rigar Kalorib yake shiga ruwa kullum, riƙe da komarsa mai ƙananan idanu wadda ko ɗan mitsitsin kifi ba ya tsallake ta.

Ran taron gari baki ya ɗebe shi. Ya miƙe ya ce tunda manya sun gaza, a koma ga na kakanni, a ɗaura ganyen namele a bakin ruwa. Kowa ya san in aka ɗaura ganyen nan, ba mai jefa ko ƙugiya sai an kwance shi. Aka tafa masa har ya ji kansa ya yi girma.

Mai gari Tapau ya bari tafi ya lafa, sannan ya ce, "Madalla, Kalorib. Amma ka san ganye ba ya kama mutane sai an yanka masa alade. Kuma wanda ya nemi a ɗaura, shi ke kawowa."

Alade ɗaya Kalorib yake da shi, baƙi, mai haure da ya lanƙwashe har ya kusa zagayowa. Shekaru ya yi yana dama masa doya yana ba shi da hannu don kada hauren ya karye. Yana son dabbar nan, so na gaske, har hira yake yi da ita.

"Ranka ya daɗe," ya ce, "ai ruwan nan na ƙasa ne. Bari in ji ta bakin hukuma."

Ya shiga mota ya tafi birni. Jami'in kula da kamun kifi ya saurare shi da kyau, ya ce ofishinsu ba ya harkar alade, amma in ana son ƙarin allo akwai. Ya ƙetara otal. Manajan ya yi murna ƙwarai, ya ce a sanar da shi ranar don baƙi su zo ɗaukar hoto, ya kuma ƙara masa riga.

Ya dawo gida yana ta faɗa. "Kin gani ko, Leimara? Ba mai kishin ruwan nan sai ni!"

Matarsa tana kankare gwaza, ko kai ba ta ɗaga ba. "Sannu da kishi, maigida. Yau ma gwazan za mu ci gaya, ko kishin zai sa mana miya?"

Haushi ya sa ya ɗauki koma ya faɗa ruwa, ya yini yana ja. Abin da ya kawo bai cika ƙwarya ba. Leimara ta shimfiɗa sabuwar rigar a ƙasa, ta jera kifin a kan hoton kunkurun ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya kai tsawon yatsa.

"To gaya mini," ta ce, "wannan gwamnati ce ta kamo shi? Wannan fa, manaja ne?"

"Ke dai ba ki da aiki sai tsiya."

"Lokacin da ka aure ni, kifi ɗaya kake kawowa mu ci har mu aika wa babarka. Yanzu jikokinsu kake kwasowa."

Wannan karon bai samu wanda zai ɗora wa laifin ba. Kunya ta rufe shi, irin wadda ba ta buƙatar ɗan kallo. Ya daɗe tsaye a kan kifin nan.

Ranar ɗauri shi da kansa ya ja aladen zuwa bakin teku, yana tafe yana sosa masa bayan kunne. Da aka zo yanka ya juya yana kallon allon gwamnati kamar yau ya fara ganinsa. Mai gari ya ɗaure ganyen a sanda, ya kafa inda ruwa ke tsayawa, ya rataya hauren a jikin sandar. Gari ya ci nama, baƙin otal suka ɗauki hoto. Komar farko da aka naɗe aka ɗora a rufin ɗaki ta Kalorib ce, kuma tun daga ranar ba wanda ya taka ruwan.

Washegari da safe Leimara ta ji motsi a bayan ɗaki. Ta leƙa ta same shi tsaye gaban shingen aladen da ba komai a ciki, riƙe da kwanon doya da ya dama kamar kullum. Ta buɗe baki za ta yi tsiyar da ta saba, sai ta ga idonsa, ta haɗiye.

Ta zo ta tsaya kusa da shi, ta sa hannu ta karɓi kwanon.

"Kawo, tsohona," ta ce a hankali. "Zo mu ci tare. Ai dama ba kifi."