Zakin da Ya Ɗauki Marudut Mai Faci

Masu sayar da abarba a bakin titin Subang sun ce duk garin babu mai faɗin abin da ke ransa kamar Marudut mai faci. Direbobin motocin haya sun ce in ka kai masa taya, kafin ya gano ƙusar ya gama gaya maka kwanar da za ta kashe ka. Limamin unguwa ya ce ɗan ƙabilar Batak ne, Kirista ne, amma duk ranar gyaran rufin masallaci shi ke fara hawa tsani, tsanin yana kuka a ƙarƙashinsa. Matarsa Tiurma ce kaɗai ba ta cewa komai, domin an kwana biyu rabon da ta ji muryarsa a ɗakinta.

Tun farkon damina Marudut ya naɗe tabarma ya koma kwana a rumfar faci. Ya ce ɓarayi ne ke zagayen injin ba da iska, injin da sai ƙarti huɗu sun yi nishi kafin ya gusa. Tiurma ta saurare shi, ta gyaɗa kai, ta yi irin tunanin da kowace mace za ta yi. Sannan ta samo kwali ta fara jera tukwanenta. Ta ce ƙarshen wata za ta je garinsu Balige ganin tsohuwarta. Marudut ya leƙa kwalin ya ga har da turmin dakan yaji, ya kuma san mai zuwa gaisuwa ba ya tafiya da turmi.

Babu ɓarawo, babu wata mace. Abin yana cikin wandonsa. Fatar gabansa ce ta tsuke, tana kumbura tana tsagewa, fitsari ya zama aikin da sai ya dafa bango. Mutumin da ke iya zagin direban tirela daga tsallaken titi ya kasa buɗe baki ya faɗa wa matar da ya haifi 'yarsa Lamria da ita. Likita kaɗai ya nuna wa, shi ma yana kallon silin.

"Baba, ciwon suga ne ya jawo," in ji likitan. "Mun gwada man shafawa, mun gwada ƙwaya, yana tafiya yana dawowa. A cire kawai."

"A cire me?"

"Fatar kaɗai, Baba. Saki hannun kujerar, ta gwamnati ce."

Likitan bai ɓoye masa komai ba. Ya ce in an yi kaciyar, kumburin zai daina dawowa, wanki zai yi sauƙi, ita ma uwargida za ta huta da ƙaiƙayin da yake iya shafa mata. Amma babba ba yaro ba ne. Akwai zubar jini, akwai ɗinki, miki yana iya ruwa, mai suga kuma ba ya warkewa da wuri. Zai yi makonni yana kallon matarsa kamar ƙanwarsa.

"Na riga na saba," Marudut ya ce.

"To Litinin. Amma da sharaɗi. In na soki yatsanka na ga suga ya hau, ba zan taɓa ka ba. Ko shayi, ka sha shi babu zaƙi."

Mutum ɗaya Marudut ya gaya wa, shi ma don yana neman wanda zai goyo shi a babur. Abah Karsim ne, amininsa tun lokacin da ya zo Subang da famfon hannu ɗaya. Abah ke da zakunan katakon unguwar, waɗanda ake ɗora yaro a kai a zaga gari da shi jajibirin kaciyarsa. Babu namijin da aka haifa a unguwar da bai hau zakin Abah ko na uban Abah ba.

Abah ya saurara har ƙarshe bai yi dariya ba. Marudut ya fara jin sanyi a ransa.

"Wato a ɓoye za a yi maka," Abah ya ce.

"A ɓoye."

"Ba ganga, ba algaita, ba zaki. Ka shiga kamar mai zuwa cire haƙori."

"Haka nake so."

"Lae," in ji Abah, yadda 'yan Batak ke kiran amini, "ko akuya in za a yanka ana ba ta ruwa. Ni ina raye a garin nan, a yi wa aminina kaciyar marayu? Me zan ce wa zakunan?"

"Katako ne, Abah."

"Katakon ya girme ka."

Marudut ya sa shi ya rantse ba zai gaya wa kowa ba. Abah ya rantse, kuma ya cika alkawari yadda ya fahimce shi. Bai gaya wa kowa ba sai makaɗa, da mawaƙiya, da masu ɗaukar zaki, da kafintan da ya ƙara wa zakin katako biyu a ciki.

Ranar Lahadi, sun dawo daga coci ke nan, Tiurma na gaba da taku goma kamar yadda ta koma yi, sai suka tarar da unguwar kaf a ƙofar gidansu. Zaki yana tsakiya da sabon gashi na zaren leda. In yaro ne a kai, mutum huɗu ke ɗauka. Yau an jero takwas, biyu kuma na gefe suna miƙa. Mawaƙiya ta kama makirufo ta yi sallama, ta yi wa angon kaciya barka, ta faɗi sunansa da na gidansu da shekarunsa hamsin da biyu.

Tiurma ta juyo a hankali. Ta dube shi daga fuska zuwa wando, ta koma fuska. Ta shige gida.

Ya so ya bi ta, amma an riga an kama shi. Aka sa masa rigar sarauta mai ƙyalli da aka ɗinka wa ɗan shekara bakwai, ta tsaya masa a hammata. Aka ɗaura masa fukafukan kwali a baya, aka ɗora masa kambi. Wata tsohuwa ta zo da gawayi za ta zana masa gashin baki kamar yadda ake wa yara, ta tarar akwai na gaske, ta zana wani a samansa.

"Abah, zan kashe ka."

"Gobe. Yau kai ango ne. Ɗaga ƙafa."

Liman ya matso da murmushi ya tambaya ko akwai wani albishir da ya kamata ya sani. Marudut ya ce babu, likita ne. Liman ya ce to, ba laifi, tsafta ce, Allah ya sa a fara a sa'a.

Ganga ta tashi, zaki ya tashi da ƙyar. Masu ɗauka suna rawa kamar yadda aka saba, su durƙusa su miƙe, su juya, kuma duk durƙuso sai ƙashin bayan zakin ya sami Marudut daidai inda likita ya ce kada komai ya taɓa. Hawaye suka zubo masa. Mata suka ce dubi yadda abin ya taɓa masa zuciya.

Angon kaciya ba a barinsa da yunwa, ba a kuma son ya mayar da hannun kyauta. A kowace ƙofa akwai mai miƙo wani abu. Alewar dodol mai danƙo da ke kama haƙori, shinkafa da sukarin kwakwa, ayaba soyayya, ruwan rake a leda. Masu abarba suka yanko masa mafi zaƙi a kan tsinke. Ya ce likita ya hana. Suka ce likita yana da zaki? Ya ci. Direbobi suna danna ham suna ihu, "Mai faci, yau kai za a yi wa faci!" Kafin la'asar an sauya masu ɗauka sau uku, ɗaya an kai shi wurin mai tausa.

Litinin da safe likita ya soki yatsansa, ya dubi na'ura, ya girgiza ta, ya sake dubawa.

"Baba, me ka ci?"

"Subang," Marudut ya ce.

"Ja wandonka. Ka dawo in ya sauka."

A waje Abah ya ji labari ya zauna a kan babur. Can ya nisa.

"Ba zai yiwu ba. Zaki ya yi rawa. Tun zamanin kakana ba a taɓa hawansa an sauko an koma gida yadda aka fito ba. In mutane suka ji, wa zai sake ba ni ɗansa?"

"To ka yanke ni da kanka."

"Kada ka yi mini gatse, ina da almakashi."

Abin da Abah ya yi shi ne ya tsaya kasuwa ya sayi zane da ɓawon kwakwa. Ya ɗaura masa ɓawon a ƙugu yadda ake yi wa yara don kada zane ya goge miki, ya koya masa tafiyar agwagwa. Marudut ya ƙi, ya yi zagi, sannan ya tuna in ya ce ba a yi ba, Abah zai sake fito da zakin. Ya buɗa ƙafafu.

Haka aka shigo da shi gidan da ya yi watanni yana gudu, aka kwantar da shi a falo, zanensa a tsaye kamar tanti. 'Yan dubiya suka yi layi. Kowa da shawararsa: kada ya ci ƙwai, kada ya tsallake kashin kaza, kada ya kalli talabijin in mata na rawa. Kowa kuma da farantin dodol. Wani tsoho ya nemi ya gani, Abah ya ce idon baƙo yana kumbura miki. Tiurma tana kai shayi tana ɗauke kofuna. Daga inda yake kwance yana hango kwalin a bakin ƙofar kicin, an ɗaure shi da igiya.

Da rana ta yi tsaka ta sallami mutane, har da Abah, ta ce ango zai huta. Suka fita suka zauna a baranda ƙarƙashin taga. Ta dawo da kwano, ruwan ɗumi da ganyen gwaba, ta durƙusa.

"Buɗe."

"Likita ya ce kada ruwa ya taɓa."

"Baban Lamria, na ce buɗe."

Ya ƙanƙame zanen. Ita ta fi shi sanin ɗaurin zane. Ɓawon kwakwa ya faɗo ya gangara ƙarƙashin kujera. Ta duba. Ta daɗe tana dubawa, fuskarta ta sauya, domin ta ga kumburin da tsagar, ta ga abin da ya yi ta ɗauka shi kaɗai zuwa rumfar faci.

"Tun yaushe?"

"Tun damina."

"Kuma ba a ma yi ba."

"Suga ya hau."

Ta zauna dirshan a ƙasa. Ta yi magana ƙasa-ƙasa, wanda ya fi masa ihu ciwo.

"Jiya garin nan duka ya san abin da ke cikin zanenka ban da ni. Yau kuma abin da garin ya sani ƙarya ne. Ka san na zaɓa maka mace? Imas mai abarba. Na daina gaishe ta. Na ce mata abarbarta tsami gare ta, a gaban masu saye. Baiwar Allah jiya ita ta ba ka mafi girma a tsinke." Ta share ido da bayan hannu. "Na wanke uwarka lokacin da ta kasa tashi. Na haihu a gabanka. Wannan ne ba zan iya gani ba? Ka gwammace ka gaya wa mai zaki."

"Babur nake nema."

"Ni ma na iya babur!"

Ta tashi ta kwashe farantan dodol ɗaya bayan ɗaya ta juye a bokiti. Ta ce daga yau sai ganye mai ɗaci da kifi, ta ce ita za ta kai shi asibiti, ita za ta tsaya a kan likitan. Bayan nan kuma za ta ga abin da za ta yi da kwalinta. Ta tsaya tana jira, bokiti a hannu.

Marudut ya ji motsin mutane a ƙarƙashin taga, ya ji tarin Abah. Ya san duk abin da ya faɗa yanzu zai kai titi kafin ya rufe baki. Ya jawo zane ya rufe jikinsa, ya miƙe zaune, ragowar gashin bakin gawayi na nan a fuskarsa.

"Maman Lamria," ya ce, "kunya na ji, na bar ki ke kaɗai kina shan kunyar. Ban kyauta ba. Ki yi haƙuri, ki yafe mini."