Harsashi Mai Ruwan Ɗorawa

Ni da Yaya mun daɗe muna gardamar bindiga, tun muna da gashi a ka. Tasa lamba goma sha biyu ce mai baki ɗaya, nauyi kamar taɓarya, harsashinta ja ne mai kauri. Tawa lamba ashirin, siririya, harsashinta ruwan ɗorawa. A harkar nan, in lamba ta hau, bakin bindiga raguwa yake yi. Yaya yakan ce tawa ta korar ƙadangare ce. Ni kuma nakan ce ta fi kyau ga fakara, don ba ta dagargaza nama. Gaskiyar ita ce kafaɗata ba ta son wahala, kuma naman da nake ta karewa ban cika samunsa ba.

Ran nan mun fito da yayyafi, ni kuma na taho da rigar ofis kamar mai zuwa taro. Yaya ya cire rigarsa ta farauta mai aljihuna ya wurgo mini.

“Saka, Akawu, kada mura ta kama ka matarka ta kai ni ƙara.”

Na saka, na zuba harsasaina a aljihun dama. Da rana ta fito na kwashe su, na mayar masa da rigarsa. Muka rabu a bakin wani kwari, shi da karensa Sajan a can gefe cikin kararen gonar da aka girbe, ni a nan.

Can sai Sajan ya ƙame, ƙafa ɗaya a sama, hanci cikin ciyawa. Fakara ɗaya ta tashi. Yaya ya ɗaga, na ji ƙas, ba ƙara ba hayaƙi. Ya buɗe bindigar, ya dubi gurbin harsashi, ya yi tsaki. Sannan ya waiga ko na gani, ni kuwa na yi kamar ina kallon gajimare. Ya zaro ja ya cusa, ya rufe. Har na fara tanadin tsiyar da zan yi masa a mota, ga tsoho ya manta bai ɗura ba.

Amma Yaya ba ya mantawa. Kuma da idona na ga ya sa hannu a aljihun dama tun muna bakin kwarin, ya ɗura ba tare da ya duba ba, idonsa na kan kare.

Na shafa aljihun wandona. Harsasaina ba su cika ba.

Duk mai riƙe bindiga ya san wannan. Ƙaramin harsashi in ya shiga babbar bindiga ba ya tsayawa a gurbi, zamewa yake yi ya maƙale a cikin bututu, gurbin ya zama kamar ba komai. In ka ɗora babba a bayansa ka ja kunama, bututun fashewa zai yi daidai inda hannun hagu yake riƙe, kusa da fuska.

Sajan bai motsa ba. Sauran garken na nan kwance a gabansa.

Na buɗe baki zan yi ihu, na rufe. Kunnen Yaya na hagu ya mutu tuntuni, kuma shi ne ta wajena. Fakaru kuwa kunnensu lafiya lau. In na yi ihu za su tashi, in sun tashi zai harba. Harbi sama ma haka. Na ɗaga hannu ina kaɗawa kamar mai tsayar da mota. Ko kallo ban samu ba.

Na ajiye bindigata, na gangara kwarin da mazaunai. Gwiwata ta dama, wadda likita ya ce in daina hawa bene da ita, ta ce ƙaras. Na haura da rarrafe, ƙaya na tsinke mini riga, ina numfashi ta baki don kada a ji. Da na leƙo, Yaya ya fara takawa a hankali bayan kare, gindin bindiga ya kusa kafaɗa, babban yatsa ya riga ya ɗana kunamar.

Ba zan kai gare shi ba. Amma zan iya kaiwa gabansa.

Na miƙe, na ɗingisa na shiga tsakaninsa da ciyawar, hannuwana a sama. Ƙafata ta taka busasshen kara.

Fakaru suka tashi fuuu ta bayana, iskar fikafikansu har a ƙeyata. Bindigar ta hau kafaɗa. Na ga bakinta, baƙin rami, yana bin tsuntsu yana zuwa kaina. Na runtse ido.

Shiru.

“Kai mahaukacin ina ne?” in ji Yaya. Ya karkatar da bakin bindigar ƙasa. “Don ubanka, so kake in kashe ka?”

“Ubanmu ɗaya, Yaya. Cire yatsanka. Buɗe ta.”

“Me?”

“Buɗe ta, ka leƙa!”

Ya sauke kunamar a hankali, ya buɗe, ya zare jan harsashin. Ya ɗaga bututun sama ya kanne ido ɗaya. Ya daɗe a haka. Haske bai fito ta ciki ba.

Na karyo kara na zura ta gaba, na tura. Abin ya faɗo a kan takalminsa, ruwan ɗorawa, ko kwarzane babu.

Yaya ya zauna a kan kunyar gona. Ya dubi hannunsa na hagu, ya juya shi, ya motsa yatsun ɗaya bayan ɗaya. Sajan ya zo yana shinshinarsa, yana hararata don na ɓata masa aiki.

“A rigarka na bar shi,” na ce. “Ban laluba da kyau ba.”

Bai zage ni ba, abin da ya fi tayar mini da hankali ke nan.

“Da na ga gurbin ba komai, ya kamata in leƙa,” ya ce. “Na ɗauka tsufa ne ya fara. Sauri nake in rufe kafin ka gani.”

Gwiwar ta fara kumbura, na zauna kusa da shi, ta wajen kunnen da ke ji.

Ya cire rigar, ya zazzage aljihunan a ƙasa, ya bi jajayen da yatsa ɗaya ɗaya. Sannan ya miƙo mini bindigar a buɗe.

“Riƙe mini. Hannuna bai tsaya ba tukuna.”