Miyar Taushen da Ta Kwana

Jiya da dare, ko gama miƙe ƙafa ban yi ba, na yi wani mafarki da har yanzu ban gane kansa ba.

Ni dai na kwanta ne da niyyar in ɗan huta in tashi in tafasa miya. Matata Suwaiba ta tafi wankan gida Gumel, ta bar ni da Inna, mahaifiyata, wadda kwanan nan aka sallamo daga asibiti bayan gudawa ta kusa tafiya da ita. Likita ya ce cikinta ba zai ɗauki wata irinta ba. Suwaiba kuwa har ta shiga mota tana nanata mini: abin gwangwani in duba kwanan watansa, miya kuma in tafasa ta kafin in kwanta, kada in sake sa mata cokali. Na ce ai wannan ko yaro ya iya.

Sai ga ni a wata kasuwa, tukunyar miyar taushe a kaina. Ana ruwa, amma daga ƙasa yake tsattsafowa yana hawa sama, shi ya sa kowa ya taka laimarsa yana tafiya. Komai na kasuwar da takarda manne a jikinsa: tumatir, kaji, har muciya. Mutane kuma tasu a goshi take, an rubuta abin da aka haɗa su da shi da ranar da za su lalace. Ba wanda abin ya dama.

Wani mai kayan miya ya kama haɓata, ya karkata kaina wajen haske.

"Gishirinka ya yi yawa, malam," in ji shi. "Ga dunƙule ma ya fi ƙarfin ruwa."

"Saura kwana nawa?"

"Ba a karanta wa mutum tasa. Me ka ɗauko?"

"Miyar Inna ce. So nake in san ko tana ciyuwa."

Ya nuna mini wata ƙofa da ba ta da gini.

Ina shiga na tarar da ofis. Bunsuru ne a kan kujera, da tabarau da babbar riga, awaki biyu na yi masa fifita. Na gaishe shi, ya amsa da ladabi, har ya tambayi mutan gida.

"Ina takardar miyar?"

"Ranka ya daɗe, miyar gida ce. Ba a yi mata takarda."

"To wa ya san ta? An tafasa ta kafin barci?"

Nan fa ake yin ta. Na tuna na ɗauki ashana. Na tuna na ajiye ashana. Abin da ya faru tsakanin biyun ne ya ɓace mini ɓat. Na ce ina jin na tafasa. Na sake cewa ina jin ban tafasa ba. Bunsuru ya rubuta duka biyun a takarda ɗaya, ya buga hatimi, ya cinye ta.

"A tambayi tukunya," in ji shi.

Tukunya ta yi gyaran murya daga kaina. "Ni riƙo aka ba ni," ta ce. "Ba na shiga maganar iyali."

Ban san yadda aka yi ba, sai ga ni a tsakar gidanmu ina hura wuta. Wutar ta kama sosai, amma sanyi take fitarwa, har raɓa ta kwanta a gindin tukunyar. Ina ƙara itace, miya na ƙara hucewa. Ƙudaje suka zo suka yi layi a bakin randa, kowanne ya wanke hannuwansa shida da sabulu, ya goge, sannan ya shiga miyar.

"Mu dai mun bi ƙa'ida," in ji babbansu. "Kai fa?"

Na ji kunya ƙwarai.

Sai na ji an kira ni da sunan da mutum ɗaya ne ke kirana da shi. "Ɗan'auta, kawo mana."

Inna ce a kan tabarmarta, a tsakiyar kasuwar nan, ruwa na tashi ta gefenta. Ta wanke hannu, ta ajiye kwano a gabanta. Ɗankwalinta ya sauko har girarta, ya rufe takardar goshinta.

"Inna, miyar nan ban yarda da ita ba."

"Miya ce za a yarda da ita? Surukarka ce? Ba a zubar da abinci, ɗan nan. Wanda ya zubar da na yau, na gobe ba ya sallama a gidansa."

"Likita ya ce..."

"Likita ya san shekarar da muka ci dusa?"

Na juya mata baya na tuntsurar da tukunyar a ƙasa. Na manta garin da nake. Miyar ta tashi sama da kabewarta da gyaɗarta, ta yi shawagi a kan rumfuna, ta dawo ta sauka cikin kwanon Inna, ko ɗigo bai zuba ba.

Tsoro ya kama ni. Na durƙusa gabanta, na miƙa hannu zan ɗaga ɗankwalin in ga ranar da aka rubuta mata. Hannuna ya kai, ya tsaya. In na gani, me zan yi? In ban gani ba fa? Ita kuwa ta yanko loma, ta dangwala, ta yi bismillah. Bunsuru ya leƙo ta bayanta yana kankare wani abu da kofato. Ƙar, ƙar, ƙar.

Na farka. Gari ya waye, ashana na hannuna. Ƙarar ba ta tsaya ba: ludayi ne ake kankare gindin tukunya da shi.

Na fita ba ko takalmi. Inna na zaune a bakin murhu, kwanonta a gefe, an suɗe shi tas.

"Ka tashi? Miyar ta ɗan yi tsami, sai na ce kada a yi asara. Romon duk na shanye. Naman na ɗauraye maka, ga shi can a rufe."

Ɗankwalinta ya zame baya. Na tsaya ina kallon goshinta, babu komai a kai sai layukan tsufa da tabon sallah. Na koma ɗaki neman makullin babur da katin asibiti.